Darasin wannan wata: Motsin jiki da karatun yaro

 

 Darasinmu na wannan wata ya shafi wani kuka da kusan kowane gida ke yi: "Yaron nan ba ya zama wuri ɗaya, ba ya jin magana, karatu ba ya shiga kansa." Sau da yawa maganin da muke ba wannan kuka shi ne tsawa da bulala. In abin ya ƙi, sai a yanke wa yaro hukuncin cewa daƙiƙi ne, a cire shi daga makaranta a tura shi kasuwa ko gareji tun bai kai ba. Kafin a kai ga wannan hukunci, ya kamata mu san abin da ke tsakanin jikin yaro da ƙwaƙwalwarsa.

Abin da ya faru a Riyad

'Yan uwanmu da yawa da ke zuwa Saudiyya aiki ko karatu, ta Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid suke shiga ƙasar. An buɗe filin a 1983, aka sa masa sunan Sarki Khalid wanda ya yi mulki daga 1975 zuwa 1982, kuma yana kimanin kilomita 35 arewa da tsakiyar birnin Riyad. Wanda ya fito daga filin ya nufi gari zai wuce ta gefen wasu manyan gine-gine masu faɗin gaske. Wannan ita ce Jami'ar Gimbiya Nura 'yar Abdurrahman, jami'ar mata zalla, wadda aka buɗe sabon mazauninta a 2011. Tushenta kwalejin horar da malamai mata ce da aka kafa a Riyad a 1970.

Ƙasar da ta gina wa mata irin wannan jami'a, ta daɗe ba ta koyar da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati. An fara buɗe wa 'yan mata makarantun gwamnati a 1960, amma darasin motsa jiki na maza ne kaɗai har tsawon fiye da shekara hamsin. A 2013 aka yarda wa makarantun kuɗi na 'yan mata su riƙa yin wasanni, bisa sharaɗin sutura ta mutunci da malamai mata. A 2014 Majalisar Shura ta nemi Ma'aikatar Ilimi ta duba yiwuwar yin haka a makarantun gwamnati. Sai a watan Yuli na 2017 ministan ilimi na lokacin, Ahmad al-Isa, ya ba da umarnin a fara darasin a makarantun 'yan mata, sannu a hankali, gwargwadon halin kowace makaranta, kuma ba tare da saɓa wa shari'a ba. Shirin ƙasar na Hangen 2030, wanda aka ƙaddamar a 2016, ya sa burin ɗaga yawan masu motsa jiki aƙalla sau ɗaya a mako daga kashi 13 zuwa kashi 40 cikin ɗari.

Abin da ya tura su ga wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne. Rayuwar Riyad rayuwa ce ta mota da ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Da bazara zafi kan wuce maki 40, har hukuma takan hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Yaro ya fita daga ɗaki ya shiga mota, ya fita daga mota ya zauna a aji, ya dawo ya rungumi waya. Ƙiba da ciwon suga suka yawaita. 'Ya'yan 'yan uwanmu da ke zaune can cikin ƙananan ɗakuna suna cikin wannan hali, kuma in mun duba da kyau, yaran Nima da Mamobi da Aboabo ma sun kama hanyar, ko da yake tasu matsalar ta cunkoso ce da rashin fili.

Me motsi ke yi wa ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Ta yaro kuwa rabonta ya fi haka, saboda tana kan ginuwa. Abincinta da iskarta duk jini ne ke kai mata su. Idan yaro ya yi gudu ko tsalle, zuciya ta ƙara bugu, jini ya ƙara gudu, hankalinsa ya wartsake. Masana sun kuma gano cewa motsa jiki na ƙara wani sinadari da suke taƙaita sunansa da BDNF, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su kuma haɗu da juna, musamman a ɓangaren da ke ajiye sabon abin da aka koya.

A 2009 wani masani mai suna Charles Hillman da abokan aikinsa a Jami'ar Ilinoyi ta Amurka sun gwada yara ashirin 'yan kimanin shekara tara zuwa goma. Wata rana suka sa su tafiya da sauri ta minti 20 kafin jarrabawa, wata rana kuma suka sa su zama kawai. Ranar da suka yi tafiya sun fi iya tattara hankali, sun kuma fi fahimtar abin da suka karanta. A 2014 masanan suka fitar da sakamakon wani gwajin da ya fi wannan girma, mai yara 221 'yan shekara bakwai zuwa tara. Rabinsu sun yi wata tara suna wasannin motsa jiki bayan an tashi makaranta, rabi kuma suna jiran layi. Waɗanda suka yi wasannin sun fi ci gaba wajen kame kai daga abin da ke ɗauke hankali, da wajen sauyawa daga wannan aiki zuwa wancan ba tare da ruɗewa ba. Waɗannan biyun kuwa su ne abin da malami yake nema wurin ɗalibi kafin komai.

Sai dai mu faɗi magana iyakar gaskiyarta. Motsa jiki ba ya maye gurbin malami nagari, ko littafi, ko abinci da barci. A 2010 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tattara bincike hamsin a kan wannan batu. Kusan rabin abin da aka auna ya nuna motsi ya amfani karatu ko ɗabi'ar aji, kusan rabi bai nuna bambanci ba, wanda ya nuna cutarwa kuwa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Darasin da ke nan shi ne, tsoron da iyaye ke yi cewa lokacin wasa zai ci lokacin karatu bai tabbata ba. In wasan bai ƙara ba, da wuya ya rage.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsi mai sa numfashi ya ɗaga. 'Yan shekara uku zuwa huɗu kuwa, a wata shawara ta daban, ta ce su samu minti 180 na motsi iri-iri a yini, kada a ɗaure su wuri ɗaya fiye da sa'a guda a jere, kada kuma kallon waya ko talabijin ya wuce sa'a guda. Binciken da masanan hukumar suka wallafa a 2019, kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun wannan sa'a guda. A maza kashi 78 ne, a mata kashi 85.

Hannu ma yana karatu

Motsi ba a filin wasa kaɗai yake aiki ba, har a cikin darasin kansa. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiyana ta gwada yara 'yan shekara biyar da ba su iya karatu ba tukuna. Suka rubuta baƙaƙe da hannunsu, suka bi sawun waɗanda aka riga aka zana, suka kuma danna wasu a kwamfuta. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon baƙaƙen, sassan da manya ke amfani da su wajen karatu sun fi farkawa ga baƙaƙen da yaran suka rubuta da kansu.

Haka nan a Jami'ar Chicago, Susan Goldin-Meadow da abokan aikinta sun koya wa yaran firamare lissafi irin wannan: 3 + 2 + 8 = __ + 8. Suka koya wa wasu su ɗora yatsu biyu ƙarƙashin 3 da 2, sannan su nuna gurbin da ba kowa. Waɗannan yaran sun fi saurin gane cewa lambobin biyu ake haɗawa a cike gurbin, alhali ba wanda ya faɗa musu haka da baki. Yatsu ne suka kai saƙon.

Wasu ƙasashe sun gina makarantunsu a kan wannan fahimta. A Finlan an saba ba yara hutun minti 15 bayan kowane darasi na minti 45, kuma waje suke fita ko da sanyi. A garin Stirling na Sikotlan, wata shugabar firamare mai suna Elaine Wyllie ta fara fitar da ɗalibanta gudu ko sassarfa na minti 15 kullum a 2012, da kayan makarantarsu, ba tare da sayen komai ba. Yau dubban makarantu a ƙasashe da dama suna bin wannan tsari.

Abin da magabatanmu suka riga suka sani

Duk wanda ya yi makarantar allo zai ga ba baƙon abu aka kawo ba. Almajiri shi ke feƙe alƙalaminsa, ya dama tawadarsa, ya rubuta allonsa, ya bi baƙi da yatsa ko tsinke, ya ɗaga murya yana rangaji gaba da baya, in ya haddace ya je ya wanke. Ido da kunne da harshe da hannu da gadon baya duk suna cikin karatun. Hatta sunayen da malamanmu suka laƙaba wa baƙaƙe tun a matakin babbaƙu, irin su ba-guje da lam-jaye, suna sa yaro ya ga baƙin kamar wani abu mai motsi. Kuma makarantar allo tana da hutunta na Alhamis da Juma'a, wanda ake danganta asalinsa ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, wato 1111, ya yi magana a kan tarbiyyar yara a cikin Ihya'u Ulumiddin. Ya ce a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta don ya huta, domin hana shi wasa da matsa masa karatu ba ƙaƙƙautawa yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira, har ya koma neman dabarar guje wa karatun gaba ɗaya. Ya kuma so a saba wa yaro da tafiya da motsi a wani yanki na yini don kada kasala ta rinjaye shi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe babi a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibai na koya musu kasala da ƙarya da yaudara.

A sunna ma misalan suna nan. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa jin daɗinsa ba. Salla kanta da jiki ake koya wa yaro ita: ya tsaya bayan mahaifinsa, ya yi ruku'u in an yi, ya yi sujada in an yi, tun kafin ya san hukunce-hukuncenta. Ba wanda ya taɓa koyon alwala a zaune yana naɗe da hannu.

Motsin da ba shi ake nufi ba

A nan sai mu yi hattara, don kada wani ya ce ai yaransa kullum a kan ƙafa suke. Tsallen kwaɗo, da kamun kunne, da durƙuso a rana ana ɗaga dutse, azaba ce. Yaron da aka yi wa haka yana komawa aji da tsoro da ciwon cinya, kuma zuciyarsa ta haɗa motsi da wulaƙanci. Hukumar Ilimi ta Gana ta hana dukan ɗalibai a makarantunta tun 2017, kuma ya dace makarantunmu na Islamiyya su zama a gaba wajen wannan. Haka kuma hana yaro fita hutun tara don ya yi laifi kuskure ne, domin yaron da ya fi damun aji galibi shi ya fi buƙatar fitar. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan a 2013.

Talla daga safe zuwa yamma, da bara, da dakon kaya a kasuwa, su ma ba sa cikin lissafi. Jikin da ya gaji da yunwa da rana barci yake nema a aji. Aikin gida daidai ƙarfin yaro, kamar shara da ɗebo ruwa kusa da aike, yana da kyau kuma tarbiyya ne, amma ba ya ɗauke buƙatar wasa, domin a wasa ne yaro ke koyon bin doka, da jiran layi, da haƙurin faɗuwa.

Rabon 'ya'ya mata

A zangunanmu namiji ko ba a ba shi fili ba zai nemo, ko lungu ne zai buga ƙwallo. Daga lungunan Nima Mohammed Kudus ya taso. Mace kuwa da ta kai shekara goma sai a ce ta girma, ta zauna. Daga aji sai murhu, daga murhu sai goyon ƙani. Alhali iyayenmu mata sun taso da gaɗa a dandali, da 'yar gala-gala, da carafke, da tsallen igiya, a Gana kuma ga ampe. Duk cikinsu akwai ƙirga, da auna nisa, da haɗa ido da hannu, da riƙe kalmomi a ka. Misalin Riyad ya nuna ana iya haɗa kunya da lafiya: wuri keɓaɓɓe, sutura mai kyau, mace ce ke kula. Tsakar gida ɗaya mai faɗi da uwa ɗaya mai sa ido sun isa a fara.

Abin da za mu iya yi

Ga iyaye: ku ƙirga sa'o'in da ɗanku ke yi a zaune. Yaro ya yi boko daga safe zuwa azahar, ya wuce makarantar Islamiyya zuwa magariba, ya zo ga aikin gida na makaranta, Asabar da Lahadi ma yana makaranta. Ku ba shi aƙalla rabin sa'a na wasa tsakanin makarantun biyu, bayan ya ci abinci ya sha ruwa. In makaranta kusa take kuma hanya da aminci, ya tafi da ƙafa tare da 'yan uwansa. Kada waya ta zama abin rarrashi duk lokacin da ya motsa.

Ga malamai: ƙaramin yaro ba ya iya riƙe hankali dogon lokaci. Ku yanka darasi gunduwa-gunduwa. Bayan kowane minti ashirin zuwa talatin, a miƙe tsaye minti biyu ko uku, a miƙa hannu, a yi taku a wuri ɗaya. A rubuta baƙi a iska da a ƙasa kafin a rubuta a allo. A ƙirga da tsakuwa da taku da tafi. A koyi alwala a bakin buta, a koyi salla a sahu. Yaron da ya kasa zama, a ba shi aikin raba littattafai ko goge allo. In kuma rashin natsuwarsa ya wuce na tsaransa nesa, a gida da makaranta, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa da jininsa, domin yaron da ba ya gani ko ba ya ji sosai, ko jininsa ya yi ƙasa, yakan yi kama da mai taurin kai.

Ga sarakuna da limamai da kwamitocin masallatai: duk filin da ya rage a unguwa, ku tsare shi kafin a kafa masa shago. Harabar masallaci ko ta makaranta tana iya zama wurin wasan yara tsakanin la'asar da magariba, a ware wa mata ranakunsu, a sa babba ya kula. Wanda zai gina sabuwar makaranta, ya bar wa yara tsakar gida ko da aji ɗaya zai ragu.

Ga 'yan uwanmu na Riyad da Jidda da sauran biranen zafi: ku nemi sanyin asuba ko bayan isha ku fita da yara lambun unguwa. In fita ta gagara, a matsar da kujeru a yi langa ko tsallen igiya a falo. Mai tafiya da yara ta Filin Sarki Khalid ko waninsa, ya bar su su taka cikin zauren jira yana riƙe da su a ido, kafin a ɗaure su a kujerar jirgi sa'o'i masu yawa.

Tambayoyin tattaunawa a gida da majalisa

1. Sa'a nawa yaran gidanmu ke yi a zaune daga asuba zuwa isha, kuma minti nawa suke wasa?
2. Wane wasa muka yi muna yara wanda 'ya'yanmu ba su sani ba? Wa zai koya musu?
3. A makarantarmu, da me ake horon yaron da ya yi laifi?
4. Ina 'ya'yanmu mata za su yi wasa cikin sutura da aminci a wannan unguwa?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma kula kada garin tanƙwarawa mu karya. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiyar jiki da ilimi mai amfani, ya saka wa malamanmu da alheri. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.